Sitikar Littafin Zomo

Da hannun hagu nake danna muku wannan rubutun, don haka duk inda kuka ga harafi ya zame ku yi min uzuri. Na dama yana cikin filasta, yatsu biyu ne kawai suka leƙo waje kamar masu gulma. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya. Kuma don Allah kada ku ce na cika surutu a kan aikina, ku daure ku bi ni a hankali, domin a cikin aikin nan komai ya faru.

A ɗakin karatu na jama'a nake aiki, wani tsohon bene mai hawa uku wanda warin takarda ya kama har labulensa. A gida Auta ake ce min. A wurin aiki kuwa Tabarau, saboda gilashin idona ya kai kaurin gindin kofi. Na gama karatuna, ina da aikina, ni ba yarinya ba ce, amma in mutum ya ɗaga min murya har yau wurin ɓuya nake nema.

A bana aka kawo mana sabon tsari. Kowane littafi sai an manna masa wata farar sitika a cikin bangon baya. In ka ɗaga ta a haske za ka ga siririyar waya a nannaɗe kamar maganin sauro, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Ba ta da batir. Barci take yi sai na'ura ta kira ta ta iskar rediyo, ta farka ta faɗi lambar littafinta, ta koma barci. Sabuwa ba ta san komai ba, ni ce mai rubuta mata sunanta. In ɗora ta a kan wani baƙin faranti da ke haɗe da kwamfuta, in haska lambar littafin, in danna, farantin ya ce ƙit, shi ke nan ta haddace.

Akwai kuma sanda mai faffaɗan kai, da ɗan allo a mariƙinta da igiyar ratayawa a wuyan hannu. In ka bi jikin kantar littattafai da ita sai ta ƙirga littattafan ba ka taɓa ko ɗaya ba. In kuma wani littafi ya ɓata, ka sa mata lambarsa, tana jiyo shi daga nesa za ta fara tit… tit…, kana matsowa tana ƙara sauri. Turakun bakin ƙofa masu ihu in an saci littafi kuwa ba a kunna su ba tukuna, sai mun gama manne-manne.

Wanda ya kawo mana kayan, Injiniya muke ce masa. Siriri ne mai dogon wuya, aljihun rigarsa kullum cike da biro da sukudireba. Babu komai tsakaninmu. In ma akwai, a cikin cikina yake, ko madubi ban taɓa faɗa wa ba.

Dokarsa ɗaya ce.

"Malama Tabarau, ki manna sannan ki rubuta."

"To."

"Wannan to ɗin naki na san shi. Jiya ma shi kika ba ni."

Ni kuwa juyawa nake yi. Wata sitikar matacciya ce tun daga kamfani, in ka manna ta kafin ka gane, wajen ɓamɓarowa sai ta yago fatar littafin, ni kuma ji nake kamar tawa aka yaga. Sai in fara rubutawa, in ta amsa in ɓare ta in ɗan ɗana ta a bayan hannuna na hagu, in buɗe bangon in goge ƙura, sannan in manna.

Yanzu bari in kawo muku Mai Gareji.

Ogan Yayana ne. Tun rasuwar Baba Yaya yake aiki a ƙarƙashinsa, kuma kallon da yake masa ko Baba bai samu ba. Agogon hannun Yaya tsohon na Oga ne. Takalminsa tsohon na Oga ne. Har tarin Oga ya koya. A gaban Umma kuwa Mai Gareji har ƙasa yake durƙusawa, ba ya haɗa ido da ita. Famfonmu shi ya gyara, fankarmu shi ya gyara, ƙofar banɗaki shi ya sa mata sakata. Umma ba ta kiransa sai da ɗan albarka. Da ya ce yana sona, gidan ya amsa masa kafin a tambaye ni. Ni ban ce e ba, ban kuma iya cewa a'a da ƙarfi ba, ga shi ana ta maganar manyansa za su zo.

Ranar da abin ya fara ina sanye da doguwar riga ruwan toka da farin mayafi mai ɗigon shuɗi. Injiniya ya sunkuyo kan teburina yana nuna min wani abu a kwamfuta, ya ɗauki littafin da ke gabana ya karanta sunansa da muryar mai labarai.

"Kiwon Zomo a Bayan Gida. Rabon da a are shi tun kafin a haife ki. Shi ma sai mun yi masa katin shaida?"

Na yi dariya. Ban cika dariya da sauti ba, ranar ce tsautsayi ya sa na yi. Ina ɗagowa na ga Mai Gareji a bakin ƙofa, cikin baƙar jaket ɗinsa ta fata mai jan shafi a ciki, makullin mota na juyawa a yatsansa.

Injiniya ya gaishe shi ya wuce sama. Shi kuma ya jawo kujera ya zauna dab da ni, yana murmushi. Turarensa mai kama maƙogwaro ya rufe ni.

"Hajiyata, ashe kina da haƙora?"

"Sannu da zuwa. Aiki nake yi."

"Na gani ai. Aiki mai daɗi."

Kafin in ankara ya cafko hannuna na hagu ta ƙarƙashin tebur, ya cusa shi cikin jaket ɗinsa, ya danne da damtse, ya kama yatsuna ya murɗe. Wallahi sai da na ji ƙas. Daidai lokacin shugabarmu, Anti Babba, ta zo wucewa da fayil a hannu.

"A'a, surukinmu ne yau a ofis?"

"Ni ne, Anti. Ina wuni? Ya ƙoƙari da wannan ƙanwar taku?"

Yana gaishe ta yana ƙara murɗawa. Fuskarsa fes, har da ɗan sunkuyar da kai. Ni kuma na kafe idona a kan hoton zomon da ke bangon littafin don kada hawaye ya zubo. Da ta wuce ya matso da bakinsa kusa da kunnena, muryarsa ta sauya, ta koma wata siririya mai sanyi wadda babu wanda ya san shi da ita sai ni.

"In na sake ganin haƙoranki a waje saboda wancan mai wuyan zalɓen, sai na zubar da nasa a gabanki, ki tsince su ɗaya bayan ɗaya."

Ya sake ni, ya gyara jaket, ya fita yana yi wa maigadi wasa.

Na daɗe a zaune hannuna a cinya. Da na dawo hayyacina na buɗe bangon littafin zomo zan manna sitika, babu ita a bayan hannuna. Na duba ƙasa, na duba mayafina, na duba tafin takalmina. Babu.

Injiniya ya sauko ya same ni a durƙushe ƙarƙashin tebur.

"Me ya faɗi?"

"Sitikar zomo. Na riga na rubuta ta."

"Kin gani ko? Manna sannan ki rubuta. Yanzu ga zomo ya tsere ba littafi." Ya ɗauko sanda ya sa mata lambar, ya zagaya teburin, shiru. "Kada ki rubuta wata, kar a samu biyu masu amsa suna ɗaya. Na bar lambar a ciki, duk ranar da sandar ta ji ƙamshinta za ta yi kuka."

Sai idonsa ya sauka a kan hannuna. Ya riga ya kumbura, shatin yatsu ya fito baƙi-baƙi.

"Wannan fa?"

"Ƙofa ce ta datse ni."

Ya sunkuyo ya duba da kyau.

"Wannan ƙofar tana da yatsu huɗu da babban yatsa."

Na ja mayafi na rufe hannun. Daga nan na ga ya shiga ofishin Anti Babba ya rufe ƙofa. Washegari aka gaya wa maigadi kada ya sake barin Mai Gareji ya shigo ginin.

Daga nan wayata ta zama wuta.

*Ni za a tsare a bakin ƙofa kamar ɓarawo?*

*Wancan mai wuyan zalɓen ne ya sa aka yi, na sani.*

*Ki gaishe min da shi. Ki ce ya riƙa duba bayansa.*

Can kuma sai ga wani: *Hajiyata kin ci abinci? Umma ta ce kina ciwon kai. Allah ya sawwaƙe.* Da hoton fure. Kafin in nuna wa kowa sai ya goge munanan ya bar na furen.

Duk da haka na gwada. Da yamma Umma na zaune a falo a kan doguwar kujerar nan tamu da ta lotsa a tsakiya, tana ninke wanki, Yaya na shan shayi a ƙasa yana kallon ƙwallo. Na miƙa mata hannun.

"Umma, kin ga abin da ya yi min."

Ta gyara zaman ɗankwalinta ta duba.

"Wa?"

"Mai Gareji."

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Yaron da ko ƙuda ya sauka a kofinsa sai ya ba shi haƙuri?"

"Wallahi Umma shi ne. Kuma ya ce zai zubar wa wani haƙora."

"Wane wanin?" Yaya ya ajiye kofi. "Wannan ɗan iskan mai haɗa wayoyi? Ai Oga ya gaya min komai. A gaban mutane kike wage masa baki."

"Yaya, aiki ne ya haɗa mu."

"Littattafan nan ne suka cinye miki kai. Mutum ya ɗauke mu kamar 'yan uwansa, ke kin tashi za ki watsa mana ƙasa a ido."

Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce, "Kai ya ɗauka, ni bai ɗauke ni ba. In kana sonsa kai ka aure shi."

Marin ya zo kafin in rufe baki. Tabarau ɗina ya yi tsalle ya daki ƙafar tebur, falon ya zama hazo, kunnena ya ɗauki ƙara.

"Kai! A gabana?" Umma ta daka masa tsawa. Sai kuma ta juyo kaina, muryarta a gajiye. "Ke ma bakinki ya yi yawa. Namiji in yana so dole ya yi kishi. Tashi ki sa wa hannun ruwan ɗumi."

Na lalubo tabarau ɗina a ƙasa. Ƙafarsa ɗaya ta karye, da zare na ɗaure ta. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce ɗaya ba: Umma ta ga mutumin nan yadda ni nake ganinsa, kafin manyansa su zo su zauna a falonmu a gama magana.

Bayan 'yan kwanaki aka ba ni ƙirgar hawa na uku. Can ne ake ajiye tsofaffin littattafan da ba mai nema, kantocin ƙarfe dogaye a jere, tsakaninsu lungu da ƙyar mutum biyu za su gifta. La'asar ta yi, masu karatu sun ragu, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa. An bar ƙofar matakalar baya a buɗe don iska. Na rataya sanda a wuyan hannuna na dama, ina tura keken littattafai da na hagu, ina bin kanta a hankali. Injiniya ya ce zai hawo ya duba ko ƙirgar na shiga daidai.

Tit.

Na tsaya. Na duba allon. *Kiwon Zomo a Bayan Gida.*

Har murmushi na yi, ku ji wauta. Na ce ashe mannewa ta yi a jikin wani littafi aka hawo da ita. Na matsa gaba. Tit… tit… Na ƙara matsawa, ta ƙara sauri. Na kai ƙarshen kanta na miƙa sandar.

Sai ta rage sauri. Tit… … tit.

Ni ban motsa ba. Na juya sandar hagu, ta ƙaru. Na tsaya cak ina riƙe da numfashi, ta sake raguwa, kamar abin yana ja da baya.

Littafi ba ya tafiya.

A nan ne komai ya dawo min lokaci ɗaya: hannuna a cikin jaket, jan shafin, danna da murɗawa. Sitikar ba ƙasa ta faɗi ba. Na sunkuya a hankali na leƙa ta saman littattafai, ta 'yar tazarar da ke tsakaninsu da katakon sama. A lungu na gaba na ga baƙar fata tana sheƙi. Na ga hannu sanye da safa riƙe da sifana mai tsayin damtse. Sama kuma hular kwano ce ta masu babur, gilashinta baƙi a rufe. Turaren nan mai kama maƙogwaro ya biyo ta tsakanin littattafan ya same ni.

Daga matakalar gaba na ji takun Injiniya, yana 'yar waƙarsa.

"Malama Tabarau! Ina kika shige?"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Wallahi na buɗe shi, iska ce kawai ta fito. Sandar ce ta yi ta ihu a madadina, tit-tit-tit-tit, domin mutumin ya taho da gudu ta bayan kantar.

"Koma!" Sai a lokacin muryar ta fito. "Injiniya koma!"

Ya makara. Yana shawo kwana sifanar ta sauka a gefen kansa. Ƙarar ba irin ta fim ba ce, wata 'yar ƙaramar ƙara ce kamar an fasa kwakwa a cikin tsumma. Biro da sukudireba suka watse. Ya dafa kanta, kantar ta yi girgiza, littattafai suka zubo masa a ka. Mutumin ya sake ɗagawa, Injiniya ya tare da hannu, na ji ƙashin ya amsa. Jini ya biyo wuyansa ya jiƙa kwalar rigarsa, ya ɗiga a kan buɗaɗɗen littafi.

Ban yi tunani ba. Na kama keken littattafai da hannu biyu, cike yake da manyan kundaye, na turo shi da duk ƙarfina. Bakin ƙarfen ya daki gwiwar mutumin ta dama. Ya durƙusa, ya yi wani gurnani a cikin hular. Na ɗauka zai gudu. Sai ya miƙe da ɗingishi ya koma kan Injiniya da ke kwance, ya ɗaga sifanar da hannu biyu, saitin bakinsa.

Haƙoran. Abin da ya faɗa min ke nan.

Na faɗa a kansu na miƙa hannuna na dama na rufe fuskar Injiniya.

Ba zan iya kwatanta muku zafin ba. Fari na gani, fari tas, sannan na ji ihuna kamar daga wani ɗaki yake fitowa. Abin da na riƙe shi ne wannan: mutumin ya sandare. Sifanar ta suɓuce ta faɗi. Ya tsaya a kaina yana kallon hannuna da ya lanƙwashe inda bai kamata ba, ya ɗan miƙo nasa kamar zai taɓa ni, ya fasa. Da ya ji maigadi da Anti Babba na hawowa suna salati, ya juya ya bi matakalar baya yana jan ƙafa.

A asibiti aka ɗinke kan Injiniya, aka ɗaure hannunsa, aka ce sai ya kwana biyu. Ni aka sa min filasta. Da aka gungura shi ta gabana ya buɗe ido ɗaya da ƙyar.

"An ga zomon?"

Na fashe da kuka. Ya ce, "To ai ba ki manna ba kika rubuta," ya sake lumshe ido.

Anti Babba ta ce 'yan sanda za su zo da safe su ji ta bakina. Ta sauke ni a ƙofar gida bayan magariba ta koma wurin Injiniya. Nas ɗin da ta yanke igiyar sandar daga hannuna ta jefa min ita a jaka, allon ya tsage amma fitilarta na ci.

Na tura ƙofar falo. Mai Gareji na durƙushe a bayan firjinmu.

Farar riga ce a jikinsa, ƙal, ya naɗe hannuwanta. Kofin shayi a gefensa, kayan gyara a shimfiɗe a kan jarida. Ya ɗago ya ga filasta da jinin da ya bushe a mayafina, ya miƙe tsaye da sauri, ƙafafunsa biyu lafiya lau.

"Subhanallahi! Hajiyata, hatsari kuka yi?"

Umma ta fito daga kicin ta saki ludayi. "Na shiga uku! Auta, me ya same ki? Ina ta kiran wayarki!"

"Shi ne." Na nuna shi da hagu. "Umma shi ne. Ya zo da hular kwano ya fasa kan Injiniya, ya karya min hannu."

Mai Gareji ya kalli Umma, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta.

"Auta," Umma ta ce a hankali, "yaron nan tun kafin azahar yake gidan nan yana fama da firjin nan. Nan ya yi salla, nan ya ci abinci. Ko ƙofar gida bai leƙa ba."

"Ba komai Umma," ya ce. "Ruɗewa ce. In mutum ya firgita yakan ga abin da babu."

Na zura hannun hagu a jaka na zaro sandar.

"Umma, ki saurare ni sau ɗaya. Ranar da ya murɗe min hannu, wata sitikar aikinmu ta manne a cikin jaket ɗinsa. Wannan sandar in ta matso kusa da sitikar kuka take yi. Ita ta nuna min shi a bayan kanta."

Na nufe shi na bi jikinsa da ita, daga kafaɗa har ƙafa. Shiru. Na sake bi. Shiru. Ya buɗe hannuwa ya juya a hankali kamar mai gwada sabon ɗinki.

"Ki duba aljihu ma, Hajiyata."

"Ina jaket ɗinka?"

"Jaket? Da zafin nan?"

Umma ta share ido da gefen zaninta. "Ya isa haka. Kin kunyata ni ya isa. Wuce ɗaki ki kwanta, in na sallame shi zan zo."

Na juya na bi siririn lungun da ke kaiwa ɗakunanmu, sandar na reto a hannuna, ina tunanin ko da gaske kaina ne ya taɓu.

Tit.

Na tsaya.

Tit… tit…

"Mene ne kuma wannan?" in ji Umma daga bayana.

Ƙafata ta ƙi ɗaguwa, domin ɗakina yana hagu ne, sandar kuma dama take so. Umma ta ƙaraso. Matar da ko lambar waya sai na danna mata, ta zare sandar daga hannuna ta riƙe da hannu biyu kamar tocila. Ta yi taku ɗaya, ƙarar ta ƙaru. Ta yi wani, ta ƙara ƙaruwa. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Yaya, sandar na tit-tit-tit-tit ba numfashi.

Ta tura ƙofar.

Yaya na zaune a bakin gado cikin singileti, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwallo, ya ɗora mata jiƙaƙƙen tawul. Ban ma san yana gidan ba, ashe ta ƙofar baya ya shigo ya kulle ta. Umma ba ta kalle shi ba. Ta bi kukan sandar har kwandon wanki, ta zura hannu ƙarƙashin kaya ta jawo baƙar jaket ta fata. Ta juya cikinta. A jikin jan shafin, daidai hammata, ga 'yar farar sitika ta manne lif. Bakin hannun rigar ya yi tauri da busasshen jini.

Agogon Oga. Takalmin Oga. Ban taɓa kawo jaket ɗin a raina ba.

Yaya bai kalli Umma ba, filastata yake kallo.

"Auta," ya ce, "me ya sa kika sa hannunki?"

Umma ta dafa bango.

"Oga ya ce tsorata shi kawai zan yi. Ya ce in sa jaket ɗin don ki san saƙon daga ina yake, shi kuma zai zauna a nan wurin Umma. Wallahi ban san za ki sa hannu ba. Umma, wallahi ban sani ba."

Daga falo na ji ƙarar makullin mota an ɗauke shi daga kan tebur.

Ban taɓa ganin Umma ta yi gudu ba sai ranar. Ta wuce ni kamar iska, jaket ɗin a hannunta, ta riga shi kaiwa ƙofar falo. Ta murɗa makulli sau biyu, ta zare, ta jefa shi cikin rigarta, ta jingina bayanta da ƙofar.

Mai Gareji ya tsaya a tsakiyar falon. Murmushin ya zame daga fuskarsa a hankali. Bai durƙusa ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya kalli Umma ido cikin ido, ya yi magana da siririyar muryar nan mai sanyi, wadda har zuwa ranar ni kaɗai na san shi da ita.

"Tsohuwa, matsa daga ƙofar nan."

Na ga lokacin da muryar ta shiga kunnen Umma. Na ga ta gane ta, kamar ta daɗe tana jin labarinta. Ba ta matsa ba. Ba ta ma ɗauke ido daga kansa ba.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Da hagu za ki iya danna waya ki kira 'yan sanda?"

"Zan iya."

"To danna."